Yadda Ake Neman Aure da Kyamara 'Yar Aljihu

Kai saurayi, gyara zama. Idan ka daɗe kana sintiri a ƙofar gidan su yarinya, ita tana so, kai kana so, amma uban ya ƙi cewa ka turo magabata, to yau wahalarka ta ƙare. Maganin wata ƙaramar kyamara ce mai araha, irin wadda ke shigewa aljihun gaba. Na ba ka tabbaci, ba ta taɓa ba mutum kunya ba. Bilya na Hunkuyi da ita ya nemi Lubna, 'yar Malam Gambo manomin rake a wani ƙauyen Makarfi, kuma da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na 1: Sayi mafi araha

Kada ka tsaya tambayar inganci, wannan aikin masu hali ne. Dubi kwali kawai. In an rubuta manyan lambobi a jiki, ɗauka. Waya kowa yana da ita, har mai tallar gyaɗa. Amma kyamarar da in an kunna take turo hanci waje tana "ziiit", wannan sai wane da wane. Ka rataya igiyarta a hannu, ka riƙa kunnawa gaban mutane. Kada dai ka yawaita, batirinta ba ya son hidima.

Mataki na 2: San halinta

A hasken rana ba ta da laifi, tumatirin Ikara ya fito jawur, rake ya fito kore shar. Amma da ka shiga zaure sai ta birkice. Walƙiyarta takan mai da mutum toka-toka, idanu ja kamar ya wuni a hayaƙin mazarƙwaila. Wurin jawo abu daga nesa kuwa, kada ka taɓa shi. Bilya ya taɓa jawo kawunsa daga ƙarshen gona, da aka wanke hoton aka yi ta gardama ko kawu ne ko buhun masara.

Ga ta da nawa. Ka danna yanzu, ta ɗauka lokacin da ta ga dama. In akuya kake so, wutsiya za ka samu. Masana sun ce wannan horon haƙuri ne, mai neman aure kuwa yana bukatarsa.

Mataki na 3: Kai ta wurin zance

Miƙa wa yarinya ta yi wasa da ita. Lubna ta fi Bilya karambani, ta yi ta latse-latse har ta kunno wani wuri mai alamar fuska tana murmushi. In aka kunna shi, kyamara ba ruwanta da maɓalli. Ba ta ɗauka sai ta ga haƙora, da ta gani kuwa ta ɗauka da kanta.

"Ni dai ba zan yi dariya ba," in ji Lubna, ta rufe baki da mayafi.

"Ai ban ce ki yi ba," in ji Bilya. "Zan jira. Na saba, tunda Baba nake jira tun bara."

Mayafi ya zame, kyamara ta ce ƙyas. Bilya ya koma Hunkuyi cike da murna, bai tambayi yadda ake kashe abin ba. Kai ma kada ka tambaya, ƙwararre ba ya tambayar budurwa.

Mataki na 4: Jira a neme ka

Malam Gambo mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. A wurinsa, dattijon da ya yi dariya a bainar jama'a ya zubar da girmansa. Abu ɗaya yake ji da shi, wani farin sa da ya turke yana kiwo, za a kai shi kasuwar Makarfi. Sai ya aika a ce wa "yaron nan mai na'ura" ya zo ya ɗauke su tare.

Lubna kuma ta aika da nata saƙon: wani mai motar tumatir ya turo mutane, Baba ya ce bayan kasuwa zai zaɓa. Ran nan Bilya bai iya cin tuwo ba, tsoro ya kama shi sosai.

Mataki na 5: Tsuguna

A nan ne kyamararka ta fi ta kowa. Ɗan mutunci ba ya kallon suruki cikin ido. Ita kuwa tana da ɗan allo a baya, sai ka tsuguna ka sunkuyar da kai, kana ganinsa ba ka kalle shi ba. A rana ba a ganin komai a allon, amma ladabi ya cika.

A bayan gida aka yi, bakin gonar rake, kusa da magudanar ban-ruwa. Bilya ya cire takalmi ya gaida Malam, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Malam ya gyara hula, ya dafa tozon farin san, ya murtuke fuska.

"To, ɗauka."

Bilya ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Sai ya kare allo da tafin hannu, ya hango 'yar alamar murmushin nan a kusurwa. Mafita ɗaya ce, ya ce wa Malam Gambo ya yi dariya. Gara ma ya ce wa farin san ya yi.

"Ka gama?"

"Baba, tana ɗan tunani ne."

"Tunani," in ji Malam. "Sai ka ce alƙali."

Mataki na 6: Ja da baya

In abu ya cije, ja da baya, mutane za su ɗauka ƙwarewa ce. Bilya ya riƙa ja a tsugune, kai a ƙasa, har ƙasar ta ƙare. Ya zurma cikin magudana, taɓo har ƙirji, ƙafafu a sama, hula ta bi ruwa. Amma hannuwansa na miƙe riƙe da kyamara don kada ta jiƙe. Daga can ƙasa ya ce, "Baba, a gafarce ni."

Malam Gambo ya yi ƙoƙari, a yaba masa. Leɓe ya yi rawa, gemu ya yi rawa, sannan ya fashe. Kyamara ta ce ƙyas.

Mataki na 7: Kada ka iya gogewa

A inuwar zaure Malam ya dubi allon. Tun da aka ƙera kyamarar nan ba ta taɓa ɗaukar hoto tangaram irin wannan ba. Ga giɓi a gaba, ga jan goro, ga dasashi a waje. Farin san da ke gefe ya fi shi kamun kai.

"Goge."

"Wallahi Baba ban san inda ake gogewa ba."

Inna Sabuwa, mahaifiyar Lubna, ta kawo wa Bilya ruwan wanke taɓo, ta leƙa. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe giɓin nan yana nan, Malam," in ji ta a hankali. "Rabona da shi tun ina amarya. Duk wanda ya goge, ni da shi ne."

Malam ya miƙa mata kyamarar, ya dubi Bilya da ke ɗiga a tsugune.

"Hoton nan ba zai bar gidan nan ba. Kai kuma ka riga ka gani, ba zan bar bare yana yawo da wannan labari a Hunkuyi ba. Ka ce wa kawunka ya zo ranar Juma'a."

A kula

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu idan batir ya mutu, ko magudana ta kasance babu ruwa, ko surukinka mai yawan dariya ne ba shi da abin ɓoyewa. Ba ya biyan wankin riga, ba ya nemo hula. Kada kuma ka sa ran kyamararka za ta dawo. Ta Bilya har yau tana ƙasan akwatin Inna Sabuwa. Da waya aka ɗauki hotunan bikin, kuma a cikinsu duka Malam Gambo a murtuke yake.