Ranar da Na Wanke Allon Lakwal

Rubuta yadda na faɗa, 'yata. Duk shekara kafin jarrabawa, mijina Malam, Allah ya jiƙansa, shi ke rubuta allo, in wanke yara su sha. Bara ya rasu; har yau ban iya naɗe tabarmarsa ba.

Saura kwana biyu jikata Falmata ta yi jarrabawa. Lakwal, makarantar bokonsu, ta ara mata wani allon gilashi mai kama da babbar waya, karatun shekara duka yana ciki. Ta tafi rijiya ta bar shi a kunne, fal da rubutu. Wa ya fi ni iya wankin allo a Gure? Na tara ƙwarya, na yi bisimilla, na kwarara masa ruwa.

Rubutun ya ɗauke sarai. Har na ji daɗi.

Falmata ta dawo, ta dubi ƙwaryar, ta zauna a ƙasa. "Kaka, me zan karanta yanzu?"

Ni na kai allon lakwal. Malaminsu ya daɗe yana jujjuya shi. Sannan ya ba Falmata littattafansa, ya ce, "Iya, ta dai sha?"

Ta ci jarrabawar. Amma har yau in na ratsa kasuwa, mata ɓoye wayoyinsu suke, suna cewa, "Iya, tawa wankakkiya ce."