Dokar Bokiti a Kan Dutsen Togo

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyata ta farko zuwa Sakode, a ƙasar Togo, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai. Lokacin ina direban lori tsakanin Tamale da Yendi, ina ji da kaina ƙwarai. Ina da doka guda da duk tasha ta sani: wanda ya yi amai a motata, da mun isa rafi zai sauka ya ɗauki bokiti ya wanke a gaban kowa. Har cewa nake yi amai a mota ragwanci ne kawai. (Ban taɓa lura cewa tun da nake, a bayan sitiyari kaɗai nake zama ba, kuma hanyarmu shimfiɗe take kamar tabarma.)

Cikin waɗanda dokar ta taɓa hawa kansu har da Mma Azara, wata dattijuwa mai sayar da daddawa a unguwar Kaladan, cikin Tamale. Ta wanke, ta koma mazauninta.

Ɗaurin auren wani abokina ya kai ni Togo. A iyaka aka sauya mota, domin can hannun dama ake tuƙi irin na Faransa, ba irin namu ba. Na hau baya, na zauna kan benci cikin sabuwar batakari, rigar saƙin da na ɗinka don bikin 'yanci, cikina dam da wake da shinkafa. Ina ɗaga kai sai ga Mma Azara a gabana da kwandonta. Duk motar ita kaɗai ta san ni. Ta miƙo mini lemun tsami, wai hanyar gaba akwai dutse. Na yi dariya, na ce ta ajiye wa masu bukata.

Da muka wuce Basar sai hanya ta fara naɗewa. A hau, a karya kwana, a gangara, a sake karyawa, ga rami a gefe wanda ban ga ƙarshensa ba. Warin daddawa da hayaƙin mota suka haɗu suka tsaya mini a maƙogwaro. Yawu ya cika mini baki, gumi mai sanyi ya keto. Wallahi tsoro ya kama ni, kuma ba na ramin ba, na labarin da zai riga ni isa tashar Tamale.

Sai na yi dabara. Na buga jikin mota da ƙarfi, na ce ina jin tayar baya tana rawa, ni direba ne, na san abin da nake faɗa. Aka tsaya, na durƙusa gindin taya ina shaƙar iska kamar mai bincike. Direban ya duba, lafiya lau. Da na sake bugawa a kwana ta gaba, ko waiwaye bai yi ba.

Na yunƙura zan leƙa waje, mota ta karya hagu, ni kuma na tafi dama. Wake da shinkafa suka dawo gaba ɗaya, kan benci, kan batakari, har cikin takalmin wani malami. (Allah ya saka masa, ƙafa kawai ya janye.)

A gindin dutsen akwai rafi, nan aka tsaya. Direban ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, hanyar nan haka take yi wa baƙi, shi zai wanke. Har na fara jin sanyi a raina, sai na ga Mma Azara ta kwanto bokitin da ke rataye a jikin mota ta ajiye a gabana.

"Ɗana," ta ce a hankali, "dokar fa? Ko an hana ta wucewa a boda?"

Na naɗe hannun riga na wanke motar tas, fasinjoji suna zaune a inuwa suna nuna mini inda na bari.

Na koma gida ina jiran tasha ta ɗauka, amma shiru. Mma Azara ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai duk ranar da za ta shiga motata, a gaban jama'a take miƙo mini lemun tsami guda, ni kuma in karɓa da hannu biyu in yi godiya. Mutane suka yi ta mamakin yadda muka shaƙu.

Dokar dai ban soke ta ba, gyara na yi mata: bokitin yana nan, direba ne ke ɗauka. Tun ranar kuma ba na kafa wa mutane doka sai na fara zama a bencinsu.