Littattafan da Na Raba Kafin Dogon Hutu

Ranar da za a tafi dogon hutu na raba wa 'yan ajina littattafan makaranta, don kada damina ta cinye karatunsu. Hedimasta ya ce, "Malam, su ke nan gare mu fa." Na ce ai ni na san yarana.

Gona ta riƙe su har hutu ya ƙare. Littafi uku ne suka dawo, karatun kuwa bai dawo ba. Ranar kasuwa na sayi ƙosai wajen Inna Ladi, ta ƙunso min a shafi na tara, har da hatimin makarantarmu.

Har yau ajina ba littafi. In na wuce kuwa, sai Inna ta ɗaga murya: "Malam, yaushe hutu? Takardata ta ƙare!"