Barcin Baba a Shafin Farko

Ko haƙorana sun zube kaf, ba zan taɓa mantawa da ranar da na nuna wa dattawa barcin mahaifina ba.

Baba shi ne shugaban ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu a Bakolori, kuma a wurinsa aikina na kwamfuta danne-danne ne kawai. Da manoman suka ce suna son shafin intanet don masu saye daga nesa su gan su, sai na ce to, ga ranar da Baba zai yarda ina da sana'a.

Abokaina suka ce in ɗauki manhajar haɗa shafi da kowa ya sani. Ni da iyayi, ina! Na tono wata 'yar ƙarama ta kyauta, wadda kowa ke da damar buɗe cikinta ya gyara, ba ta da nauyi, tana buɗewa ko sabis ya yi rauni. (Duk Talata Mafara ba wanda ya taɓa jin sunanta, abin da ya ƙara fasa mini kai ke nan.) Abin da ban lura da shi ba, ita duk rubutun da ka ajiye ƙarshe, shi take ɗorawa a shafin farko.

Ranar taron nuna shafin dattawa suka zo daga Bakura da Maradun, aka shimfiɗa tabarmi, na jona kwamfuta da babbar talabijin ina wani gyaran murya. Na danna.

Wayyo Allah! Ga Baba ya cika allo, kwance gindin mangwaro a gona, baki buɗe, hula ta karkace. Hoton gwaji ne da na manta ban goge ba. A samansa da manyan baƙaƙe: "Shugaba a bakin aiki."

Wuri ya kaure da dariya. Na kai hannu zan rufe, sai Alhaji Ɗanjuma, aminin Baba daga Maradun, ya riƙe ni. "Tsaya, yaro, akwai saura a ƙasa." Ya shiga karantawa da ƙarfi abin da na rubuta don cike gurbi:

"Wannan mutumin tun asuba yake tsaye cikin ruwa. Ƙafafunsa duk kaushi. Da su ya kai ni makaranta, kuma ban taɓa iya ce masa na gode ba."

Dariya ta ɗauke. Ni ɗan fari ne, ko ido ba ma haɗawa da Baba, ga shi an karanta cikina a gaban jama'a. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci, hawaye na neman tona ni.

Baba ya dubi allon. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗanjuma, ce ma wanga yaro ya bar shi nan. Amma in aikin nashi na iyawa, ya gyara mini hular."

"Aikin nashi" fa ya ce!

Tun ranar nake duba shafin farko kafin in tara mutane. Hular kuwa na gyara, bakin ne har yau ya gagare ni.