Garkuwar Tsofaffi da Bayan Baba Ɗantani

Duk ƙasar Kiru, daga Yako har Dangora, ba a taɓa yin ma'aikaci mai tausayin tsofaffi kamar Malam Mainasara, jami'in walwalar jama'a, ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Tun da ya dawo daga kwas ɗin kwana biyar a Kano a 1988, ya sa aka rubuta "Garkuwar Tsofaffi" a jikin babur ɗinsa. Mutanen gari kuwa, don sauƙin baki, suna ce masa Malam Rahoto.

"Mu ma'aikata amana ce a wuyanmu," haka yake faɗa a wurin suna da ɗaurin aure. "Ka ga alamar ana cutar tsoho ka yi shiru, kai ma ka cuce shi." Magana ce mai kyau. Matsalar ɗaya ce: wata bakwai bai samu tsohon da zai ceta ba.

Ranar kasuwar Dangora Allah ya kawo masa. Wani dattijo makiyayi, Baba Ɗantani, ya cire riga yana shan iska a gindin mangwaro, sai ga tabo shida, zagaye-zagaye, a gadon bayansa. Mainasara ya gyara tabarau, ya kewaya shi sau biyu, ya zaro biro. Bai ce masa ko sannu ba. Ƙwararre ba ya tambaya.

Ya kai wa Barakatu, malamar asibiti, rahoton don ta sa hannu. A ciki ya ɗora laifin a kan Surajo, ɗan dattijon.

"Ranka ya daɗe, ka tambayi mai bayan kuwa?" in ji ta. "Mu da haka muke farawa."

"Ke allura kika karanta. Ni halin ɗan Adam na karanta."

Ta ƙi sa hannu. Ya sa nasa sau biyu.

Aka kira uba da ɗa ƙofar dagaci. Surajo ya durƙusa, kansa a sunkuye, yana jin ana raɗa cewa shi ne mai dukan mahaifinsa. Mainasara ya tsayar da dattijon a tsakiyar fili, ba riga, don kowa ya ga shaida. Sannan ya fara jawabi tun hantsi. Ya yi bayanin darajar furfura. Ya lissafa malaman da suka yaba masa a Kano. Har aka kusa kiran azahar yana nan a kan gabatarwa.

Dagaci ya gaji, ya ce, "Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Shitu wanzami, ranka ya daɗe. Ƙaho ne. Surajo ne ma ya kai ni a keke, da ciwon baya ya hana ni sunkuyawa."

Fili ya kaure da dariya. Surajo ya miƙe ya yafa wa ubansa riga. Mainasara bai girgiza ba.

"To, alhamdu lillahi, bincikena ya wanke yaron. Amma Baba, kada ka ji tsoron kowa. In akwai wanda ya taɓa wahalar da kai, faɗi sunansa, yanzu in rubuta shi, ko ɗan wane ne!"

Dattijon ya kurɓi ruwan da aka miƙo masa, ya share gumi.

"Akwai mutum ɗaya, ɗana. Tun hantsi ya shanya ni a rana. Sunansa ne ban sani ba, don bai gaishe ni ba balle ya faɗa mini. Kai ka rubuta, ai ka fi ni saninsa."