Ranar da Hala Rabi ta je karɓo mini jinina

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na yarda ɗari bisa ɗari cewa na sa wa kaina sikila da hannuna, ga aurena ya matso.

Shekarar da aka fara barin mata tuƙi a Saudiyya ce. Na samu aiki a wani ɗakin bincike nan Makka, inda ake gwajin gyaran ƙwayoyin gado. A taƙaice, ana ɗibar ƙwayoyin jini a zuba a faranti, a tura musu wani sinadari mai aiki kamar almakashi, ya je ya yanke daidai inda sikila take a gyara wurin. Matsalar, almakashin nan ba ya jin magana. Yau ya yanka daidai, gobe ya yanka inda ba a aike shi ba, jibi ya ƙi shiga ma gaba ɗaya. Shugabarmu Duktura Su'ad, 'yar Sudan, kullum maganarta ɗaya ce: sai abin ya fito iri ɗaya a kowane gwaji kafin a yi mafarkin kai shi jikin mutum.

Ni kuwa aikina wanke kwalabe da goge tebur. (A gidanmu na unguwar Rusaifa ba haka na faɗa ba. "Muna gyaran jini" na ce, har Umma ta fara kirana Duktura gaban baƙi, ni kuma in yi murmushi in gyara zama.)

Wanda zan aura Faisal ne, ɗan unguwar Hindawiyya, direban tasi. Shi AS ne, ni AA. A ƙasar nan ba a ɗaura aure sai an yi fahas, gwajin jinin nan na kafin aure. Ko da hukuma za ta ɗaga ƙafa, Umma ba za ta ɗaga ba. Yayana sikila ce ta tafi da shi, a gabanta. Ta rantse ba za ta ba da 'yarta inda za a haifo mata jika mai wannan ciwon ba.

To, a wurin aiki na taɓa ji ana cewa wani lokaci da gangan ake sa wa lafiyayyun ƙwayoyi sikila, don a samu abin gwada gyara a kai. Na ji, na adana a kaina. Rannan ina goge teburin da ake wannan gwajin sai wayata ta yi ƙara, Faisal ne. Na zare safar hannu zan ɗauka, gwiwar hannuna ta bugi wata 'yar kwalba, wani ruwa mai ruwan hoda ya zubo mini a yatsa. Daidai inda wuƙa ta yanke ni wajen yanka albasa.



Na wanke da sabulu, na wanke da sinadarin goge tebur, na je gida na wanke da zamzam. Ban faɗa wa kowa ba. Kafin la'asar gwiwata ta fara ciwo. Washegari bayana ya karɓa. Na duba madubi na ga idona ya yi ɗorawa (fitilar banɗakinmu ce mai ɗorawa, amma wa ya tsaya duba fitila?). Ina rufe ido sai in ga almakashin nan yana yawo a jijiyoyina yana yanke-yanke, ina tuno yayana yana murƙususu a tabarma, Umma na danna masa ƙafa. Na riga na ga takardar fahas an rubuta AS, na ga Umma ta mayar da kayan Faisal.

Ya kira ni ya ce, "Yalla, ki shirya jibi mu je asibiti a gama da fahas ɗin nan."

Na ce, "Faisal, in ka ga wata da ta yi maka, ka nema kawai. Na yafe maka."

Ya ce, "Ke, aljanu ne ko yunwa?"

Na kashe wayar na fashe da kuka a kicin. Nan Umma ta same ni, nan na zazzage mata komai. Ta ɗauki waya ta kira yayarta, Hala Rabi, matar da ko mai gidan haya yana canja hanya in ya hango ta.

Da safe Faisal ya kwashe mu a tasi, bai san ma me ake ciki ba. Muka bar shi a ƙofa. Hala ta ture mai gadi da baki, ta shige har ofis tana jan hannuna, Umma na biye tana salati. Duk ma'aikata suka fito.

"Ina Dukturar?" in ji Hala. "Ke ce? To, yarinyar nan da lafiyayyen jini muka ba ku ita. Ku mayar mata da jininta yanzun nan, aure za ta yi!"

Duktura Su'ad ta tsorata da gaske. Ta kama yatsana ta duba, ta ce in nuna mata kwalbar. Na nuna irinta a firji. Ta dubi kwalba, ta dube ni, ta sake duban kwalba. Sai ta nemi kujera ta zauna, kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

"Ya binti, wannan abincin ƙwayoyin ne. Ruwan sukari da gishiri."

"Ko ma mene ne, ya shiga jikinta," in ji Hala.

"Ya hajja, ko almakashin ne kansa ya zubo mata, ba abin da zai yi. Mu nan sai mun ba ƙwayoyin shokin lantarki kafin ya yarda ya shiga, wani lokaci ma ya ƙi. In har ta ciwon albasa ya shiga ya canja mata jini kaf, wallahi ku bar mana ita, mun gama bincike!"

Dariya ta ɓarke har da masu shara. Na ɗauka na gama shan kunya. Ashe da saura. Hala ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "To ita Dukturar tamu duk ba ta san wannan ba?"

Duktura Su'ad ta ce, "Wace duktura?"

Hala ta nuna ni da yatsa.

"Au, wannan? Ita ke wanke mana kwalabe. Kuma ma sha Allah, ta iya."

Na so ƙasa ta tsage. Umma ta ja niƙabinta ta rufe har ido. Bayan sun fita Duktura ta wanke ni tas kan cire safa da ɓoye abin da ya faru, ta ce da wani abu mai haɗari ne, shiruna ne zai kashe ni. A mota da Faisal ya ji labari sai da ya faka gefen titi ya gama dariyarsa. Ciwon gwiwa kuwa ban san inda ya bi ba.

Fahas ya fito AA, aka ɗaura aure.

Abin da na koya dai: in tsoro ya kama ka a wurin aiki, ka tambayi masu aikin tun kana iya tambaya a hankali. In ka kai shi gida, uwa ba ta bincike, abaya take ɗauka.