Ƙulli Casa'in a Bakin Iyaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na zama likita na rabin awa a cikin motar Maraɗi. Ni malamin firamare ne a nan Jibiya, lissafi nake koya wa 'yan aji huɗu, kuma iyakar ilimina a harkar magani shi ne in kai ya yi ciwo a nemi farasitamol.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Rabi. Aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Ɗan Isa, can tsallaken iyaka, tun ba a haife ni ba. Da tsufa ya zo mata sai ya taho da hawan jini da ciwon sukari. Asibitin da take zuwa a ɓangarenmu yake, don haka ni nake karɓo mata magani duk wata in kai mata. Kala huɗu ne, wani sau ɗaya a rana, wani sau biyu, wani kafin abinci, wani sai an ci. Gwaggo ba ta yi boko ba, ido ya fara rauni, biyu daga cikin ƙwayoyin kuma farare ne ƙanana, ba ka bambance su sai ka ƙura ido. Wata rana ta sha na hawan jini sau biyu tana zaton ɗayan na sukari ne. Jiri ya kwashe ta a bakin murhu. Allah ya tsare, ba ta faɗa wuta ba, amma labarin ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Da na je karɓar na watan gaba, na ba Malama Saratu labari. Ita ce mai ba da magani a asibitin, 'yar Gangara, mace mai haƙuri da jama'a. Ta ce, "Malam, in za ka ɗan jira layin nan ya ragu, sai in shirya mata su, na kowane lokaci daban, da rubutu a jiki."

Na dubi layin, na dubi agogo, na ce, "Kada ki damu, Malama, wannan ai zan yi da kaina." (Mutumin da yake koyar da rabawa da tarawa, rarraba ƙwaya huɗu ne zai gagare shi? Haka zuciyata ta raya mini.)

Ranar Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɓare ƙwayoyin nan kaf daga katinsu, na zuba kowane kala a farantinsa. Na sayo farar ledar nan da ake ƙulla gishiri da sukari. Kowace rana ƙulli uku: na safe da jan zare, na rana da kore, na dare da baƙi. Kwana talatin, ƙulli casa'in cif. Da na gama na jera su na tsaya ina kallo, wallahi daɗin da na ji ko ranar da na karɓi takardar kama aiki ban ji shi ba. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Ba za ka haɗa da kwalayen ba?" Na ce mata kwali ai ɗaukar wuri ne kawai. Na tattara su na zuba a shara, har da takardar likita da ke naɗe cikin ɗaya daga ciki.

Washegari na shiga mota a tasha. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, irin matan nan da kafin mota ta cika sun san sunan unguwar kowa. Ta ji jakata tana ƙaras-ƙaras a kan cinyata, ta tambaya. Dama jira nake a tambaye ni. Na zuge jaka na fito da ƙulli uku, na shiga bayani, jan zare kaza, kore kaza, mara lafiya ba zai ƙara rikicewa ba.

Hajiya ta tafa hannu. "Ashe da likita muke tafe!"

A nan ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyi. Amma sai na yi murmushi, na gyara zaman hula, na ce, "Ana dai taɓawa."

Shi ke nan, asibiti ya buɗe. Hajiya ta kawo ƙarar gwiwarta, na ce ta rage gishiri. Direba ya ce bayansa na riƙewa, na ce ya yawaita shan ruwa. Wani dattijo a baya ya miƙo mini hannu in duba wani ƙaiƙayi, na juya hannun sama da ƙasa, na girgiza kai a hankali kamar yadda na ga likitoci suna yi. Kafin mu kai Magama, can bakin iyaka, kowa Dakta yake ce mini, ni kuma ina amsawa ba ko tari.

A shingen bincike aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo, mai sanyin murya, ya ce in buɗe jaka. Na buɗe da fara'ata. Sai da na ga yadda fuskarsa ta sauya sannan na kalli kayan nan da idon wani: ƙwayoyi tsirara, an ƙulla su ƙanana-ƙanana a farar leda, kala-kalar zare, babu suna, babu kwali, ana shirin tsallaka iyaka da su.

"Na wane ne wannan?"

Kafin in buɗe baki Hajiya ta cafe, da niyyar taimako: "Ai likita ne, ranka ya daɗe! Babban likita!"

"Madalla," in ji jami'in. "Likita, ina katin shaidar aiki?"

Katin da ke aljihuna ɗaya ne. Na miƙa. Ya karanta a fili, ba da mugunta ba, haka dai aikinsu yake: malamin makarantar firamare. Na ji dattijon nan mai ƙaiƙayi ya ce, "Iye?"

"Takardar asibiti fa?" Babu. "Kwalayen?" Babu. Ya ɗaga ƙulli ɗaya ya nuna wata ƙwaya. "To mene ne sunan wannan?"

"Yallaɓai... farin nan ne, ƙarami."

"Na ga fari ne. Sunansa nake tambaya."

Na ce a bari in kira Gwaggo, mai shan maganin, ta yi bayani da bakinta. Ya ce in buɗe muryar wayar kowa ya ji. Gwaggo ta ɗauka, ga kukan awaki a bayanta. Jami'in ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Mama, mun tsayar da wani likita ne a nan, ya ce magani zai kawo miki."

"Wane likita kuma? Ni ɗan wana nike jira, malamin makaranta."

"Shi ne dai. Mutanen mota sun ce likita ne."

Gwaggo ta kwashe da dariya har da tari. "Wanga yaro? Wanda in anka zo rigakahi sai an jawo shi daga ƙarƙashin gado? Ko bara da anka ɗebi jinina a gabanai, shi anka yi wa hihita, ba ni ba! Ku sako mini shi don Allah, maganina na kwana biyu ya rage."

Ban san sau nawa na roƙi ƙasa ta tsage a zuciyata ba. Jami'in ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Direba ya ce shi ba zai iya jira ba, ya sauke mini ledar tsarabata. Da mota za ta tashi Hajiya ta leƙo ta taga, da gaske take ko tsokana har yau ban sani ba, ta ce, "To Malam, gishirin fa, in ci gaba da ragewa?"

Malama Saratu ce ta cece ni. Na kira ta, ta ɗauki hoton rajistar Gwaggo ta turo ta waya, ta yi wa jami'in bayanin kowace ƙwaya da kamanninta. Ya gwada ya ga haka ne. Ya ba ni benci a inuwa da ruwan sanyi, ya ce mahaifiyarsa ma kala uku take sha, ya san wahalar. "Niyyarka mai kyau ce, Malam. Amma ka koma a shirya maka su yadda ya dace. In na bar ka ka wuce, 'yan duwan na gaba, wato kwastan ɗin tsallake, za su yi maka tambayoyin nan, kuma da Faransanci."

Litinin da sassafe na isa wurin Malama Saratu kaina a ƙasa. Ba ta yi mini dariya ba, sai da ta kwance ƙullin safe. Ashe na haɗa na kafin abinci da na bayan abinci a leda ɗaya, ɗaya daga ciki kuma ba ya son iska, a katinsa ya kamata ya zauna har lokacin sha. Ta ware masu kyau, ta sauya sauran. Ta jera su a wani ɗan akwatin roba mai gida-gida, kowace rana da layinta, ta zana rana mai fitowa da rana tsaka da wata a kan murafen, ta manna sunan kowane magani da sunan Gwaggo a baya, ta haɗa mini da sabuwar takarda. Duka-duka ba ta yi minti ashirin ba.

Ranar na wuce shingen lafiya lau, jami'in har da ɗaga mini hannu. Gwaggo kuwa ta karɓi akwatinta tana juya shi tana sa albarka. Tun daga lokacin ba ta ƙara rikita magani ba, jiri ya daina ɗaukarta, ta koma kiwon awakinta da zuwa suna da biki. Abin da ya rage kawai, duk ƙauyen sun ji labari. In na sauka daga mashin, tsofaffin da ke ƙofar masallaci sai su haɗa baki: "Sannu da zuwa, Dakta!" Tun ina jin kunya har na saba, yanzu tare muke dariyar.

Na dai koyi abu biyu. In mai aiki ta ce ka jira ta yi maka, to ka nemi wuri ka zauna. In kuma aka kira ka da muƙamin da ba naka ba a cikin mota, ka yi maza ka musanta tun kafin a kai shinge, musamman in kana da gwaggo mai ɗaukar waya.